Faya-fayan Black Sabbath da Ba a Cika Zancensu Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Duk inda masu sauraron hebi metal suka ambaci Black Sabbath, hira takan tsaya ne a kan albam shida na farko, sai kuma biyun da Ronnie James Dio ya rera a farkon shekarun 1980. Alhali ƙungiyar nan ta birnin Birmingham a Ingila ta fitar da albam 19 na sutudiyo tsakanin 1970 da 2013. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakin wanda ya gama da sanannun, yana neman sanin abin da ya rage da inda zai kama.

Waɗanne albam ake nufi idan aka ce marasa farin jini?

Guda goma ne. Biyu na ƙarshen zamanin farko na Ozzy Osbourne, mawaƙinsu na asali, wato Technical Ecstasy na 1976 da Never Say Die! na 1978. Sai Born Again na 1983 da muryar Ian Gillan, da Seventh Star na 1986 da muryar Glenn Hughes. Sai biyar da Tony Martin ya rera: The Eternal Idol na 1987, Headless Cross na 1989, Tyr na 1990, Cross Purposes na 1994 da Forbidden na 1995. Na goman shi ne Dehumanizer na 1992, wanda Dio ya dawo ya rera.

Ban sa Heaven and Hell na 1980 da Mob Rules na 1981 a ciki ba, don tuni suka samu yabon da ya dace da su. Haka ma albam na ƙarshe mai suna 13, wanda ya hau matsayi na ɗaya a jerin cinikin faifai na Birtaniya da na Amurka a 2013. Cikin goman nan mawaƙa biyar ne suka riƙe makirfo, makaɗan ganguna da na jitar bas kuwa sun yi ta shiga da fita. Mutum ɗaya ne kawai ba a rasa shi a ko ɗaya ba: Tony Iommi, mai jita.

Me ya sa aka yi watsi da su? Rashin kyau ne?

Wasu daga ciki suna da rauni na gaske, kuma za mu faɗa idan mun zo kansu. Amma babban abin da ya danne su shi ne sunan da ke jikin kwalinsu. Wanda ya sayi faifai mai sunan Black Sabbath yana sauraron jin Ozzy da Geezer Butler mai bas da Bill Ward mai ganguna tare da Iommi, wato mutanen asali. In ya ji wata murya, tun kafin waƙar farko ta ƙare ya riga ya yanke hukunci.

Zamani ma bai taimaka ba. Biyun ƙarshe na Ozzy sun fito daidai lokacin da kiɗan fank (punk) na matasa masu bore ya mamaye Ingila, ana kallon manyan ƙungiyoyin farkon shekarun 1970 a matsayin tsofaffin yayi. A shekarun 1980 Ozzy ya yi tashe shi kaɗai a Amurka fiye da tsohuwar ƙungiyarsa, ga kuma Metallica da ire-irenta sun zo da kiɗa mai gudun tsiya. A shekarun 1990 kuma kunnen jama'a ya koma wajen ƙungiyoyin birnin Seattle na Amurka. Bayan The Eternal Idol manyan kamfanonin da ke fitar da faya-fayansu suka rabu da su, suka koma I.R.S., wanda bai iya baza kayansu a shagunan Amurka yadda ya kamata ba. Daga baya albam huɗu na Martin da suka fito a wannan kamfani suka ɓace daga kasuwa shekara da shekaru, ko a manhajojin sauraron waƙa babu su, sai a 2024. Abin da ba a samu ba, ta ina za a so shi?

To da wane ma'auni za a kwatanta su, tunda mawaƙan ma daban-daban ne?

Ni dai da abu uku nake aunawa. Na farko rif, wato ɗan gajeren kiɗan jitar nan da ake maimaitawa wanda waƙa ke hawa a kansa. Nan ne gwanintar Iommi take. Yana ɗan shekara 17 injin masana'antar ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, shi kuma bahago ne, da wannan hannun yake danna tsirkiya. Sai ya ƙera wa yatsun 'yan huluna, ya koma amfani da tsirkiya marasa kauri, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinsu, amon jitar ya yi ƙasa ya yi nauyi. Duk albam ɗin da wannan amo ya samu fili a cikinsa, yana da abin ji ko wa ya rera.

Na biyu, ko muryar mawaƙin ta zauna a kan kiɗan, ko kuwa kowa na jan nasa. Na uku aikin sutudiyo: yadda aka naɗi sautin da yadda aka tace shi. Wannan na ukun ne ya kassara Born Again da Forbidden, shi ne kuma ya ɗaga Headless Cross. Abin da ba na aunawa da shi shi ne kamanceceniya da Paranoid, shahararren albam ɗinsu na 1970. In da wannan za a bi, duka goman sun faɗi, magana ta ƙare.

Tsakanin Technical Ecstasy da Never Say Die! wanne ya fi?

Technical Ecstasy ya fi tsari, Never Say Die! ya fi abin mamaki. Na farkon an naɗe shi a sutudiyon Criteria da ke Miami, kusan Iommi ne ya ɗauki ragamar aikin shi kaɗai, aka shigo da kibod ɗin Gerald Woodroffe sosai. Sautin ya fito fes, amma nauyin nan da aka san su da shi ya ragu. Dirty Women da You Won't Change Me su ne ƙashin bayansa, dukansu dogaye ne kuma Iommi ya saki hannu a cikinsu. Akwai It's Alright, waƙa mai laushi a kan fiyano wadda Bill Ward ya rera da kansa. Matsalar tana tsakiya, inda waƙoƙi kamar Rock 'n' Roll Doctor suka zama abin da kowace ƙungiyar rok ta wancan lokaci za ta iya yi.

Never Say Die! kuwa an yi shi ne cikin ruɗani. Ozzy ya fice a 1977, aka ɗauko Dave Walker, sai Ozzy ya dawo a farkon 1978 ya ƙi rera abin da aka rubuta da wancan. Suka tafi Toronto a Kanada cikin tsananin sanyi, suna ƙirƙirar waƙa da rana suna naɗa da dare. Ana jin gajiyar a jikin faifan, sautin ma a bushe yake. Duk da haka, saurari Air Dance. Tana buɗewa da jita biyu masu tafiya tare, sai komai ya lafa, fiyanon Don Airey ya shigo yana zuba a hankali ƙarƙashin muryar Ozzy, can wajen ƙarshe kuma ganguna su canja taku a koma salon jaz. Babu irinta a duk tarihin ƙungiyar. Ga Junior's Eyes da aka sake wa baituka bayan rasuwar mahaifin Ozzy, ga Johnny Blade.

In albam guda zan saurara daga farko har ƙarshe, Technical Ecstasy zan ɗauka. In waƙoƙi uku zan tsinta, daga Never Say Die! za su fito.

Ina Sabotage? Wasu na sa shi a wannan rukuni.

Gaskiya ne bai yi cinikin waɗanda suka gabace shi ba, kuma an yi shi ne ƙungiyar na tsakiyar shari'a da tsohon manajanta. Amma albam ɗin da ke ɗauke da Symptom of the Universe da Hole in the Sky ba ya buƙatar mai kare shi. Wurinsa na cikin shidan farko.

Born Again: gwaninta ne ko ɓarna?

Babu albam ɗin da ya raba kan masoya ƙungiyar kamar wannan. Bayan Dio ya tafi, Iommi da Butler suka haɗu da Ian Gillan, tsohon mawaƙin Deep Purple, Bill Ward ya dawo kan ganguna, aka naɗi faifan a sutudiyon Manor da ke yankin Oxford. Ya kai matsayi na 4 a Birtaniya, don haka ba za a ce jama'a sun guje shi da farko ba. Abin da ya biyo baya ne ya shafa masa baƙin jini: hoton kwalin mai jan jariri da ƙahoni da farata, wanda Gillan kansa bai ɓoye ƙyamarsa ba, kayan adon dandamali masu siffar duwatsun Stonehenge da aka ƙera suka yi girman da yawancin zauruka ba sa ɗauka, ga Ward bai iya fita rangadi ba sai Bev Bevan na ƙungiyar ELO ne ya zauna a madadinsa. A 1984 Gillan ya koma Deep Purple, aka rufe babin.

Babbar illar dai ita ce tacewar sautin. Bas ya cika ya toshe komai, jitar ta dusashe, kamar ana kiɗa a ɗaki kai kuma kana saurare ta bayan bango. Amma in kunnenka ya jure minti goma, abin da ke ƙarƙashi zai fito. Zero the Hero na tafiya a kan rif guda mai nauyi da ke juyawa fiye da minti bakwai ba tare da ya gundure ka ba. A Disturbing the Priest, Gillan na dariya da ƙara irin wadda bai taɓa yi a Deep Purple ba, kuma abin ya dace da duhun kiɗan. Waƙar da aka sa wa albam ɗin sunanta kuwa a hankali take tafiya, cike da baƙin ciki, tana cikin mafi kyawun abin da ya taɓa rerawa.

Inda haɗin bai zauna ba shi ne baituka. Gillan mutum ne mai rubuta abin da ya faru da shi, Trashed ma labarin yadda ya kifar da mota ne a harabar sutudiyon bayan ya sha. Sabbath kuwa ta saba da zancen yaƙi da mutuwa da tsoro. Hukuncina: rif ɗinsa na cikin mafi ƙarfi a goman nan, sautinsa na cikin mafi muni. Duba tambayar bugun da ya kamata a nema kafin ka saya.

Seventh Star albam ɗin Black Sabbath ne kuwa?

A takarda e, a niyya a'a. Iommi ya shirya shi ne a matsayin faifansa na kansa, kamfani da manaja suka matsa sai an sa sunan ƙungiyar, shi ya sa kwalin ke ɗauke da sunan Black Sabbath haɗe da nasa, da hotonsa shi kaɗai. Babu Butler, babu Ward. Eric Singer ne a ganguna, Dave Spitz a bas, Geoff Nicholls a kibod.

In ka saurare shi da wannan sani, za ka ji daɗinsa. Glenn Hughes mawaƙi ne mai zaƙin murya da ya taso a kan bulus da sol, kuma a Heart Like a Wheel shi da Iommi sun yi musayar da ke nuna asalin Iommi ɗan bulus ne. In for the Kill da Danger Zone suna da kuzari. Sai dai No Stranger to Love da yawan kibod ɗin sun ɗaure faifan a shekararsa ta 1986, ba ya iya fita daga cikinta. Hughes bai wuce 'yan wasanni kaɗan a rangadin ba aka maye gurbinsa da Ray Gillen, wanda labarinsa ke amsa ta gaba.

Wane ne Tony Martin, kuma me ya haɗa shi da Ray Gillen a The Eternal Idol?

Martin ɗan Birmingham ne kamar waɗanda suka kafa ƙungiyar, kuma in ka cire Ozzy babu wanda ya rera mata albam da yawa kamarsa. Ya shigo ne a kan aikin da aka riga aka gama rabinsa. Gillen, Ba'amurke, ya naɗi waƙoƙin The Eternal Idol, an fara aikin a tsibirin Montserrat, furodusoshi uku suka yi ta miƙa wa juna, kuɗi suka yi ƙaranci, sai Gillen ya tafi. Aka kira Martin ya sake rera komai a kan karin da wani ya shimfiɗa. Bob Daisley, wanda ya yi aiki da Ozzy, shi ya kaɗa bas ya kuma taimaka da baituka.

Albam ɗin da aka haifa cikin wannan hali bai kamata ya yi kyau ba, amma ya yi. The Shining na farawa da jita mai sanyi kafin rif ɗin ya faɗo, Ancient Warrior na da kari mai kama da na gabas, waƙar ƙarshe mai sunan albam ɗin kuma ta koma tafiyar hawainiya da duhun faifansu na 1970. Bayan laushin Seventh Star, a nan ne Iommi ya dawo gida. Rauninsa 'yan waƙoƙi ne masu gudu a tsakiya da ba sa zama a ƙwaƙwalwa.

Game da wa ya fi tsakanin mawaƙan biyu, bugun 2010 mai faifai biyu ya kawo naɗin Gillen, kowa na iya ji da kunnensa. Gillen ya fi sakin jiki da wasa da murya, Martin ya fi nauyi da natsuwa. A The Shining na fi son Gillen, a waƙar ƙarshe Martin ya fi shiga cikin duhun. Gillen ya rasu a 1993.

Headless Cross ko Tyr?

Headless Cross, kuma ba a tsakanin su biyu kaɗai ba. A ganina shi ne mafi kyau a goman gaba ɗaya. Dalili na farko Cozy Powell ne, makaɗin gangunan da ya yi Rainbow da Whitesnake, wanda ya shigo ya zama abokin shawarar Iommi, su biyun suka jagoranci naɗin. Saurari yadda faifan ke buɗewa: ɗan gajeren amo mai ban tsoro, sai gangunan Powell su kaɗai, dam, dam, da faɗi kamar a cikin babban zaure, kafin jitar ta sauko a kansu. Tun daga nan ka san akwai wanda ya san abin da yake so.

Dalili na biyu, wannan ne karon farko da Martin ya rubuta nasa baitukan ya kuma gina nasa karin. When Death Calls ita ce shaida. Tana farawa ƙasa-ƙasa da kibod da bas ɗin Laurence Cottle, Martin na rerawa kamar mai raɗa, sai amshin ya fashe ya ɗaga murya har ƙololuwa, a tsakiya kuma Brian May na Queen, aminin Iommi, ya shigo da jitarsa. Nightwing da ke rufe faifan ma haka take hawa daki-daki. Waƙoƙi takwas ne, babu ta cike gurbi. Abin da za a iya kushe shi da shi biyu ne: baitukan sun cika nanata zancen Shaiɗan da jahannama har abin ya yi yawa, kuma kibod ɗin na shekarun 1980 ne ƙarara. Da wannan albam ɗin ne suka je Mosko da Leningrad a 1989, lokacin da ƙungiyoyin yamma kaɗan ne suka taka Tarayyar Sobiyet.

Tyr ya zo da Neil Murray a bas, ya kuma ɗauki sunan wani abin bauta na tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai. Waƙoƙi uku a jere ne kawai suka shafi wannan jigo, waɗanda suka ƙare da Valhalla, ba dukan faifan ba kamar yadda ake yawan zato. Anno Mundi da The Sabbath Stones sun kai duk abin da ke Headless Cross. Amma gangunan sun yi ƙarar da ta danne jitar a wurare, kuma Feels Good to Me, waƙar soyayya da aka sa don rediyo, ta karya tafiyar faifan ana dab da ƙarshe. A Turai ya samu karɓuwa, a Amurka ko jerin albam 200 na Billboard bai shiga ba.

Dio ne ya rera Dehumanizer. Me ya sa yake cikin wannan jeri?

Saboda ba abin da masoyan Dio suka zata ba ne. Sun sa ran dodanni da sarakuna da bakan gizo irin na Heaven and Hell, sai suka samu faifai mai fushi da ke zancen kwamfuta ta zama abin bauta da masu wa'azin talabijin masu cin kuɗin jama'a. An fara aikin da Powell, sai dokinsa ya faɗo masa ya karye a ƙugu, aka kira Vinny Appice, ma'ana mutanen Mob Rules sun sake haɗuwa cif. Reinhold Mack, wanda ya yi aiki da Queen, shi ya naɗa, ya bar gangunan a bushe suna ƙara kamar ana dukan ƙarfe. Wasu ba sa jure wannan amo. Ni ina ganin ya dace da abin da ake faɗa.

Wannan ne albam mafi nauyi a goman. After All, Computer God da waƙa mai suna I sun ishe shi hujja, kuma Dio ya ajiye zaƙin muryarsa ya rera da gurnani. Rauninsa rashin sarari: kusan babu inda yake sassautawa ka numfasa, rabin na biyu kuma bai kai na farko ba. Haɗuwar ba ta daɗe ba. A watan Nuwamba na 1992 aka nemi su buɗe wa Ozzy wasa a Costa Mesa ta jihar Kalifoniya, Dio ya ce ba da shi ba, Rob Halford na Judas Priest ya riƙe makirfo a dararen biyu. Dio da Iommi da Butler da Appice sun sake haɗuwa daga baya da sunan Heaven & Hell, suka fitar da The Devil You Know a 2009, kafin rasuwar Dio a 2010.

Cross Purposes fa? Ba a cika jin ko sunansa ba.

Shi ne wanda aka fi zalunta da shiru. Martin ya dawo, Butler bai tafi ba, Bobby Rondinelli ya hau ganguna. Shi kaɗai ne albam ɗin sutudiyo da Martin da Butler suka yi tare, kuma bas ɗin Butler ya ba waƙoƙin Martin wani kauri da Tyr ya rasa. An rage kibod, an bar tatsuniya an koma zancen duniyar yau. I Witness na buɗewa da gudu, Cross of Thorns na da amshi mai kama zuciya, Virtual Death kuwa da jan ƙafarta da muryoyi biyu masu tafiya tare ta yi kusa da abin da Alice in Chains ke yi a lokacin, su da suka koya daga Sabbath tun farko.

In ka gwada shi da Dehumanizer, bai kai shi ƙarfi ba amma ya fi shi iska da bambancin launi. In ka gwada shi da Headless Cross, ya fi shi jure tsufa ta fuskar sauti, sai dai ba shi da waƙa guda da ta kai When Death Calls.

Da gaske Forbidden ne mafi rauni?

E, ko bayan gyara. Mutanen Tyr ne suka dawo, wato Martin da Murray da Powell da Nicholls, amma kamfani ya kawo Ernie C, mai jitar ƙungiyar Body Count, ya zama furodusa, Ice-T kuma ya yi 'yar magana a waƙar farko. An yi aikin cikin gaggawa, ana ta raɗe-raɗin komawar Ozzy, Martin bai ma tabbatar ko yana cikin ƙungiyar ba. Gangunan Powell, mutumin da faɗin amo ne alamarsa, suka fito sirara.

Iommi ya sake tace sautin da kansa, aka fitar a 2024, kuma bambancin a fili yake: jitar ta matso gaba, gangunan sun samu jiki. Sai aka gane Get a Grip da Can't Get Close Enough suna da rif mai kyau, Kiss of Death kuma ta cancanci zama a kowane albam na Martin. Amma tacewa ba ta rubuta waƙa. Da yawan karin muryar kamar gwajin farko ne da ba a koma kansa ba.

Wane bugu ya kamata in nema?

Na Martin huɗu na kamfanin I.R.S. suna cikin akwatin Anno Domini 1989–1995 da ya fito a watan Mayu na 2024. Uku an goge sautinsu ne kawai, Forbidden ne aka sake tacewa daga tushe. The Eternal Idol ba ya ciki domin haƙƙinsa na wani kamfani ne, nemi bugun 2010 da aka ambata a sama. Seventh Star ma yana da bugun 2010 mai faifai na biyu na wasan da Gillen ya rera a Landan. Technical Ecstasy ya samu babban bugu a 2021 da sabuwar tacewar Steven Wilson, wadda ta buɗe sautin sosai.

Born Again na da bugun 2011 da ya ƙara wasansu na bikin Reading na 1983 da wata waƙa da ba ta shiga albam ɗin ba, The Fallen. Sai dai goge shi aka yi, ba a sake tace shi ba, don haka toshewar da aka yi bayani tana nan. Faifan wasan ya cancanci saurare don jin yadda Gillan ke ɗaukar tsofaffin waƙoƙin Ozzy.

Daga wanne zan fara?

Ya danganta da ƙofar da ka shigo. Wanda Heaven and Hell ya kawo shi ya fara da Headless Cross, ya bi da Tyr da The Eternal Idol. Wanda nauyin Master of Reality, albam ɗinsu na 1971, yake nema ya tafi Dehumanizer kai tsaye, sannan Born Again, sannan Cross Purposes. Wanda ba ya iya rabuwa da muryar Ozzy, biyun nan na 1976 da 1978 na jiransa. Seventh Star na mai son bulus da murya mai zaƙi ne. Forbidden a bar shi ƙarshe, kuma a nemi tacewar 2024.

Shawara guda: kada ka jera su a rana ɗaya. Ba kowanne kwana biyu ko uku, musamman Born Again da Dehumanizer, waɗanda ba sa buɗe wa mutum a ji na farko.

Me ya sa ba a ji waɗannan waƙoƙi a wasannin ƙungiyar na baya-bayan nan ba?

Tun da mutanen asali suka sake haɗuwa a 1997, Ozzy bai riƙa rera abin da wani mawaƙi ya rera ba, don haka duk abin da aka yi daga 1980 zuwa 1995 ya fita daga dandamali ƙarƙashin sunan Black Sabbath. Waƙoƙin Dehumanizer sun samu rai ne a rangadin Heaven & Hell. Na Martin kuwa sai a wasanninsa na kansa. Daga cikin goman nan, Dirty Women ce ta dawwama a jerin waƙoƙinsu da Ozzy, har zuwa rangadin bankwana da ya ƙare a Birmingham a watan Fabrairu na 2017.

A wasan ƙarshe na ranar 5 ga Yuli 2025 a filin Villa Park, mutanen huɗu na asali sun kaɗa waƙoƙi huɗu ne, dukansu daga albam biyu na 1970. Baƙin da suka zo girmama su ne suka tono sauran: Metallica ta kaɗa Johnny Blade, Guns N' Roses kuma ta yi It's Alright da Never Say Die da Junior's Eyes. Ozzy ya rasu ranar 22 ga watan.